Yadda Ake Canza Sana'a Ba Tare Da Sakin Reshe A Kama Ganye Ba

Wanda aikinsa ya ishe shi yakan fara da abu biyu. Ya kwanta yana saƙa da warwara a kan abin da ya dace da shi, sannan ya tashi ya yi ta tura CV ta intanet zuwa wuraren da ba wanda ya taɓa jin sunansa. Duka biyun ba laifi ba ne, sai dai su ne mafi jinkirin hanyoyi. Sabuwar sana'a ta fi zuwa ta bakin mutane: wani ya ba ka labarin gurbi, wani ya nuna maka yadda aikin yake a zahiri, wani ya tsaya maka a inda ba a san ka ba. Ko bayan ka samu, mutanen da ka tarar a can su ne za su sa ka ji daɗinsa ko ka sake neman hanyar fita. Matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su.

Mataki na 1: Gano ainihin abin da ya ishe ka

Kafin ka ce sana'ar ce ba ka so, tabbatar ba wurin ba ne. Ka ɗauki mako biyu, kowane dare ka rubuta abu biyu kacal: wane aiki ka yi yau har lokaci ya wuce ba ka sani ba, kuma wane ne ya sa ka riƙa duba agogo. Kada ka rubuta "na gaji". Rubuta takamaimai: taron da aka yi awa biyu ba a yanke komai ba, ko sabon ma'aikacin da ka koya wa abu ka ga ya gane.

Bayan mako biyu sai ka raba abin da ka rubuta gida uku: aikin kansa, mutanen da kake yi da su, da sharuɗɗan aikin irin su albashi da lokacin tashi. Inda ƙorafin ya fi taruwa shi zai nuna maka maganin. Idan oga ne matsalar, canjin sashe ko canjin ma'aikata ya isa, ba sai ka zubar da ƙwarewar shekaru ba. Idan kuwa ko da oga na kirki da albashi mai tsoka ba ka son wayewar gari ta same ka a kan wannan aikin, to lallai sana'ar ce.

Masana halayyar ɗan Adam guda biyu na Jami'ar Rochester a Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun shafe shekaru suna nazarin abin da ke sa mutum ya yi abu da son ransa. Sun tsaya a kan buƙatu uku: ya ji yana da ta cewa a kan yadda yake aikinsa, ya ji ya iya kuma yana ƙaruwa, ya ji yana da alaƙa da waɗanda ke kewaye da shi. Auna aikinka da waɗannan. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarancin albashi ne ke damunsu, sai sun duba su tarar buƙata ta ukun ce ta yi ɓatan dabo.

Akwai kuma mataki na tsakiya da ake yawan tsallakewa. A 2001 Amy Wrzesniewski da Jane Dutton sun yi rubutu a kan yadda ma'aikata ke sake fasalin aikinsu da kansu, suka ba da misali da masu share-share a asibiti. Wasu shara kawai suke yi su tafi. Wasu kuwa, da aiki iri ɗaya da albashi iri ɗaya, suna hira da majinyata, suna lura da wanda ba a zo dubawa ba, suna ɗaukar kansu cikin masu jinya. Na biyun sun fi jin daɗin aikin nesa ba kusa ba. Gwada irin wannan na wata ɗaya ko biyu. In ya yi, ka huta. In bai yi ba, ka tafi da tabbaci.

Mataki na 2: Zaɓi hanyoyi biyu ko uku, ba ɗaya ba

Kada ka jira sai ka gano sana'a guda da aka halicce ka dominta. Farfesa Herminia Ibarra, wadda ta bi diddigin mutanen da suka canza sana'a a tsakiyar rayuwarsu, ta lura cewa ba sa fara da sanin inda za su. Gwaje-gwaje suke yi, sanin ya biyo baya. Rubuta hanyoyi uku: ɗaya mai kusa da abin da kake yi yanzu, ɗaya mai ɗan nisa, ɗaya kuma wadda kake jin nauyin faɗa wa mutane. Wannan ya isa a fara.

Mataki na 3: Jera mutanenka, ka fi mai da hankali ga na nesa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne hankali ke yaudarar mutum. Abin da zuciya ke fara kawowa shi ne a nemi aminai da 'yan uwa. Amma a 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya fitar da wani nazari da ya juya wannan tunani. Ya binciki ma'aikata a Newton, wani gari kusa da Boston, a kan yadda suka samu aikin da suke yi. Fiye da rabi ta hanyar wani da suka sani ne. Abin mamakin shi ne su wane ne waɗannan mutanen. Cikin waɗanda ya yi wa tambayar, kimanin kashi 17 cikin ɗari ne kawai suka ce suna yawan haɗuwa da wanda ya ba su labarin. Kusan kashi 56 jefi-jefi suke ganinsa, sauran kuwa da wuya ma su haɗu.

Dalilin a fili yake. Amininka yana zama inda kake zama, yana jin labarin da kake ji, ya san waɗanda ka sani. Wanda kuka yi kwas tare shekara huɗu da suka wuce kuwa yana wata duniyar daban, kunnensa na jin abin da naka ba zai taɓa ji ba. An sake gwada wannan a zamanin intanet: a 2022 mujallar Science ta buga sakamakon gwajin da aka yi a LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata, na tsawon shekara biyar a kan mutum sama da miliyan 20, aka ga cewa waɗanda sani ne tsaka-tsaki a tsakaninku, ba aminai ba kuma ba baƙi ɗungurungum ba, su suka fi zama silar samun aiki.

Akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Na kusa da kai sun saba ganinka a yadda kake. Wanda ya san ka akanta shekara goma zai yi wuya ya hango ka kana wani abu daban, kuma don yana ƙaunarka, tsoron kada ka faɗi zai sa ya ce ka yi haƙuri ka zauna. Ba mugunta ba ce. Ka nemi kwanciyar hankali a wurinsu, ka nemi labari a wurin na nesa.

To, ɗauko takarda ka yi jeri uku. Na farko, waɗanda kuka yi karatu ko aiki tare a da. Na biyu, waɗanda aikinka na yanzu ya haɗa ku ba tare da kuna ma'aikata ɗaya ba: abokan ciniki, masu kawo kaya, waɗanda kuka haɗu a taron bita. Na uku, duk wanda ka san yana cikin ɗaya daga cikin hanyoyi ukun da ka zaɓa, ko yana da wani a ciki. Bi lambobin wayarka daga farko har ƙarshe, za ka sha mamakin yawan waɗanda ka manta.

Kada ka tsallake wani don kun daɗe ba ku gaisa ba. Daniel Levin da abokan aikinsa sun sa manyan ma'aikata sama da 200 su tuntuɓi mutanen da suka yi aƙalla shekara uku ba su yi magana ba, su nemi shawararsu a kan wani aiki da ke gabansu. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna shawarar waɗannan tsofaffin sani ta fi ta mutanen yau da kullum kawo sabon abu. Tsohuwar zuma ce: yarda tana nan tun da, ga kuma shekarun da suka yi suna tara ilimin da ba ka da shi.

Wani zai ce ai wannan shi ne "wa ka sani, wa ya san ka" da muke kuka da shi. Akwai bambanci. Alfarma ita ce a ba ka abin da ba ka cancanta ba, a hana mai cancanta. Abin da nake nufi shi ne a san ka iya, ta bakin wanda ya ga aikinka. Mai ɗaukar ma'aikata tsoro yake ji kada ya ɗauki wanda zai zame masa ƙarfen ƙafa, kuma takardar mai canza sana'a ba ta da abin da za ta kwantar masa da hankali, tun da duk abin da ke cikinta na wata sana'ar ne. Shaidar mutum ce ke cike wannan giɓin.

Mataki na 4: Nemi shawara, kada ka nemi aiki

Idan ka ce wa mutum "ka samo mini aiki", ka ɗora masa kayan da ba lallai ya iya ɗauka ba, sai ya fara gudun kiranka. Idan ka ce "ina son ka ba ni labarin aikinka", ka nemi abin da yake da shi a hannu, kuma kusan kowa na son a tambaye shi abin da ya sani. Saƙon ya zama gajere, ya nuna wane ne kai, me ya sa shi ka zaɓa, da ɗan lokacin da kake buƙata. Misali, ga tsohon abokin aiki da ya girme ka:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan kana lafiya da iyali. An kwana biyu, laifina ne. Na ji ka koma ɓangaren horar da ma'aikata, ni ma kuma hankalina ya fara karkata can. Ba aiki nake nema ba tukuna, so nake in fahimci yadda abin yake daga bakin wanda ke ciki. In da hali, ka ba ni minti 20 ta waya a duk ranar da ta yi maka."

Abin da ke hana mutane tura irin wannan saƙo shi ne zaton za a ƙi su. Zaton ya fi gaskiyar muni. A wani gwaji da Francis Flynn da Vanessa Bohns suka buga a 2008, an sa mutane su roƙi baƙi su cike musu wata takardar tambayoyi. Sun yi hasashen sai sun tunkari mutum kimanin 20 kafin biyar su yarda, amma kimanin 10 suka tambaya buƙata ta biya. Baƙi ke nan, balle wanda ya san ka.

Tura saƙo biyu ko uku a mako, kada ka watsa wa kowa a rana ɗaya. Wanda bai amsa ba, tuna masa sau ɗaya bayan kwana goma, daga nan ka ƙyale shi ba tare da riƙo ba.

Mataki na 5: Yi tambayoyin da ke fito da gaskiya

Da na gaba ake gane zurfin ruwa, amma sai an iya tambaya. Idan ka ce "yaya aikin?" za a ce maka "alhamdulillahi" a wuce. Ka tambayi abin da ba a amsawa da kalma ɗaya:

Jiya, daga shigarka ofis har tashi, me da me ka yi? Wane ɓangare na aikin ne ba a faɗa wa mutum sai ya shiga? Waɗanda suka shigo daga wata sana'a suka yi nasara, me suka zo da shi? Waɗanda suka bari fa, me ya kore su? Da wane albashi mai shigowa sabo ke farawa, kuma shekara nawa kafin ya tashi? Wace takardar shaida ce dole, wacce ce ado kawai?

Tambayar ƙarshen nan tana iya cece ka daga asarar kuɗi da shekaru. Da yawa sukan ruga su yi rajistar digiri na biyu don su ji suna motsi, alhali a wasu sana'o'in samfurin aikin da ka yi ake dubawa. A wasu kuwa, irin su likitanci, lauyanci da harhaɗa magunguna, ba makawa sai da karatu da lasisi. Na ciki ne zai bambance maka.

Ka saurara fiye da yadda kake magana, ka tsaya a kan lokacin da ka nema. Kafin ku rabu ka ce: "Wa kake ganin ya kamata in ƙara ji daga bakinsa?" Da wannan tambayar ce mutum ɗaya ke zama uku, har ka kai ga waɗanda da ba ka da hanyar isa gare su. Kada kuma ka yanke hukunci da bakin mutum guda, don wataƙila ka same shi a ranar da ransa ke ɓace. Ji daga huɗu ko biyar a kowace hanya, ka lura da abin da ke maimaituwa.

Washegari ka aika godiya. Bayan wata guda ka sake komawa da labari: littafin da ya ce ka duba ka duba, wanda ya tura ka wurinsa kun gana, ga abin da ya fito. Mafi yawan mutane a godiyar farko suke tsayawa. Wanda ya ga an yi aiki da shawararsa yakan fara jin yana da hannu a tafiyarka, kuma shi ne zai tuna da kai ranar da aka ce ana neman mutum. Kai ma ka duba abin da za ka iya yi masa. Kana da sanin sana'arka ta yanzu da mutanen cikinta, wataƙila yana da buƙatar ɗaya daga ciki.

Mataki na 6: Ɗanɗana kafin ka shiga

Gani ya kori ji. Nemi hanyar taɓa aikin da hannunka kana nan a inda kake: ƙaramin aiki na ƙarshen mako, aikin sa-kai a wata ƙungiya, ɗaukar nauyin wani abu a ma'aikatarku da ya yi kama da inda kake son zuwa, ko roƙon wani ya bar ka ka wuni tare da shi a bakin aiki. Malamin makaranta mai son komawa horar da ma'aikata ya shirya bita guda ga abokan aikinsa. Ma'aikaciyar jinya mai sha'awar sarrafa bayanai ta nemi a ba ta haɗa rahoton wata na sashensu.

Gwajin yana ba ka amsar ko kana son aikin ko sunansa kawai kake so, yana kuma ba ka abin nunawa da mutumin da zai ce ya ga ka yi. Ga mai niyyar kafa nasa, akwai hujja mai ƙarfi: Joseph Raffiee da Jie Feng sun bi bayanan dubban Amurkawa, suka buga a 2014 cewa waɗanda suka fara kasuwanci suna riƙe da aikinsu kafin su koma gaba ɗaya, haɗarin durƙushewarsu ya yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku a kan waɗanda suka ajiye aiki tun farko. Sai dai ka karanta yarjejeniyar aikinka tukuna, don wasu ma'aikatu sun hana aikin gefe, kuma kada ka yi shi da lokacinsu ko kayansu.

A nan ne za ka sake rubuta CV. Ka ba wani na cikin sabuwar sana'ar ya duba, ya nuna maka yadda su suke kiran abin da ka daɗe kana yi da wani suna.

Mataki na 7: Lissafi da iyali

Canza sana'a yakan zo da raguwar albashi na ɗan lokaci. Lissafa abin da gida ke ci a wata, ka tara na wata uku zuwa shida kafin ka motsa, fiye da haka in kasuwanci za ka shiga. Bincika abin da zai faru da fanshonka da inshorar lafiya. Duk wanda abincinsa ke rataye da albashinka, musamman abokin zama, ya ji maganar tun tana shawara, da alƙaluma a gabansa da kuma abin da za a yi in ba ta yiwu ba.

Mataki na 8: Binciki mutanen wurin kamar yadda suke bincikenka

Idan tayi ya zo, murna takan rufe ido. Tsaya ka tuna takardar mataki na farko. Kamfanin Gallup, a cikin tambayoyi 12 da yake auna shaƙuwar ma'aikata da aikinsu, ya sa har da wadda ke tambaya ko mutum yana da amini a wurin aiki. Shugabanni da yawa sun ga tambayar kamar wasa, amma an bar ta saboda amsarta na tafiya tare da ƙwazo da daɗewa a aiki. Binciken Jami'ar Harvard da aka fara tun 1938, wanda ya bi rayuwar ɗaruruwan mutane har tsufansu, shi ma ya nuna kyawun alaƙa da mutane na daga cikin manyan abubuwan da ke hasashen lafiya da farin ciki. Wurin da za ka riƙa yin mafi yawan wuninka ba zai fita daga wannan lissafin ba.

Saboda haka nemi ganin wanda zai zama shugabanka kai tsaye, ba jami'in ɗaukar ma'aikata kaɗai ba. Tambayi me ya sa gurbin ya buɗe, kuma mutum nawa suka riƙe shi a 'yan shekarun nan. Lura da yadda ƙananan ma'aikata ke magana idan oga na wurin. In za ka iya samun wanda ya taɓa aiki a can ya bari, shi ne zai faɗa maka abin da na ciki ba za su faɗa ba. Ga mai shiga sabuwar sana'a, ni dai na fi fifita shugaban da ke koyarwa a kan ɗan ƙarin albashi, don shekara biyun farko na koyo ne.

Mataki na 9: Sa rana, ka fita ta ƙofa

Shiri ma yana iya zama wurin ɓuya. Wasu sukan shekara biyar suna neman shawara. Steven Levitt na Jami'ar Chicago ya buɗe wani shafi a 2013 inda masu ruɗani a kan babbar shawara, irin barin aiki, ke barin jefa kwabo ya yanke musu. An jefa sama da sau 20,000. Bayan wata shida, waɗanda suka yi canjin sun fi waɗanda suka zauna bayyana farin ciki. Ba cewa nake ka jefa kwabo ba. Abin lura shi ne idan ka yi duk binciken nan har yanzu ma'aunin bai rinjaya ba, tsoro ne ya fi yiwuwa yake danne shi. Sa wa kanka rana, ka faɗa wa mutum ɗaya da zai tambaye ka.

Kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai tayin ya zo a rubuce. Shugabanka ya fara ji daga bakinka kafin kowa. Ba da notis ɗin da yarjejeniya ta tanada, rubuta bayanin miƙa aiki yadda wanda zai gaje ka ba zai sha wahala ba, kuma ko an ɓata maka, kada ka mai da makon ƙarshe na fashe baƙin ciki. Karɓi lambobin waɗanda kuka yi zaman arziki da su.

A sabon wurin, cikin watan farko ka nemi zama na ɗan lokaci da kowane abokin aiki da za ku riƙa hulɗa, ka tambaye shi abin da yake yi da abin da yake buƙata daga kujerarka. Sannan ka koma kan jerin mataki na uku, ka sanar da duk wanda ya ba ka lokacinsa inda ka sauka, har da waɗanda hanyar da suka nuna ba ita ka bi ba.